Mun kai yara kallon tsuntsaye tabkin Tabalak

Mushe Ɗan Adar:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar da ta gabata ni da wani abokin aikina muka kwashi yara goma sha huɗu na ajinmu muka kai su tabkin Tabalak kallon tsuntsaye. Yau kwana huɗu ke nan abin bai bar zuciyata ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi gabanku.

Mun tashi daga Tawa ana sallame asuba, hunturu na busawa, yara duk sun ƙudundune cikin mota. Tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka bisa gudron Agadas, rana na ɓullowa muna sauka bakin ruwa. Kafin ido ya ga komai kunne ya riga ya ji: fito ne ta ko'ina, siriri, sau uku-uku, kamar yara ɗari na kiran juna. Kirinjijiya ce. Da hazo ya ɗan yaye sai ga su jere a gaɓa, fuska fara, wuya a miƙe, ba su ƙirguwa. Can gefe dinya biyu na kiwo cikin ciyawa, zalɓe kuma na tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi. Madubin hangen nesa guda ɗaya gare mu, shi ma na aro, yara na karɓa bi da bi. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta kafa shi kan wani ɗan tsuntsu mai zanen fari da baƙi, wanda ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, baki na kallon ƙasa. Sai ya faɗo ruwa tsulum, ya fito da ɗan kifi a gicciye. Ihun da ta yi sai da kirinjijiya ta tashi.

Ga abin da ya dame ni. Cikin yaran nan babu wanda ya iya faɗin sunan tsuntsun ruwa ko ɗaya ban da balbela. Ƙarami "tsuntsu" ne, babba "agwagwa". Sai wani dattijo masunci da ke gyaran kalli gindin bagaruwa ya taso ya riƙa nuna musu da sanda: wancan zakaran ƙeƙuwa ne, wancan cinawuya, wancan zalɓe. Da ya gama da su ya ja ni gefe, muka yi tafiya mai ɗan nisa bisa rairayi, ya tsaya ya ce yana saurayi nan yake ɗaure jirginsa. Na waiga, ruwan na can bayanmu.

Yaron da bai san sunan abu ba, ranar da abin ya ɓace, zai ma san an yi rashi? Ina so tafiyar nan ta zama ta kowace shekara. Me kuka gani?

Manomin Gero:
Wa alaikumus salam Mushe. Allah shi ba da lada, amma gaskiya za ni hwaɗa maka. Tsuntsu ba abin kallo ba ne gare ni. Bara waccan janbaki ta sauka gonata gero na cikin yin ido, kwana ukku ta bar mini zangarniya kamar an susse. Ɗiyana tun asuba suna bisa rumfa suna kaɗa gwangwani har murya ta dushe, lakwal ma sai da suka yi sati ba su tahi ba. Kuma ina janbakin take kwana? Bakin ruwa irin wanga da kuke yabo. Yanzu yaran manoma za ka kwasa ka koya musu son abin da ke cinye cimakar gidansu?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Malam Manomi, zafinka na gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa ganin garken janbaki ya rufe rana ba bai kamata ya yi maka musu ba. Amma a raba ɗan duma da kabewa. Janbaki mai cin ƙwaya ce. Abin da Mushe ya lissafa kuwa, zalɓe da cinawuya kifi da kwaɗi suke ci, balbela fara da tsutsa, kirinjijiya iri da tsirran ruwa. Shamuwa ma da kowa ke murnar isowarta, aikinta a gonarka tsintar fara ne tun daga shuka har girbi. Wajen yaƙin janbakin ma na ga ɓarna da idona: a fesa guba kan makwancinta da magariba, gari ya waye ka ga ba ita kaɗai ta zube ba, shirwa da shaho da suka ci mushen su ma suna kwance, sauran maganin kuma ruwan da dabbobinmu ke sha ya nufa.

Mushe, ka yi sa'ar lokaci. Yanzu tabkin cike yake da baƙi. Akwai ƙananan agwagin ruwa da wasu masu tsintar laka da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, sanyi na kama can su ƙetaro Bahar Rum, su ƙetaro Sahara, su iso mana wajen Satumba zuwa Oktoba, su juya wajen Maris da Afrilu. Ka duba inda Tabalak yake a taswira: tsuntsun da ya ƙare hamada a gajiye, wannan yana cikin ruwaye na farko da zai tarar. Darajarsa ke nan da ta sa aka sanya shi cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci da ƙasashe suka yi yarjejeniyar kiyayewa, a 2005, tare da tabkin Ɗan Dutsi na nan jaharmu da na Lasuri a Damagaram. Yarjejeniyar kanta an ƙulla ta a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, Nijar ta shiga a 1987 da gandun namun daji na W.

Mushe Ɗan Adar:
Baba, na gode ƙwarai. Wani yaro ya tambaye ni a can, "Mushe, ina shamuwa?" Na ce ba lokacinta ba ne, amma ban iya gaya masa inda take ba.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ka gaya masa tana kudancin Afirka tana cin damanar can. Ita tafiyarta akasin ta baƙin Turai ce. Nan take sheƙa da ƙwai bisa itatuwan cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta bi shi kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya, sai wajen Mayu ka gan ta ta dawo. Tsofaffinmu da suke fara gyaran gona in sun gan ta ba camfi suke yi ba, iskar da ke kawo hadari ita take bi.

Hajiya Mai Albasa:
Sannunku da muhawara. Ni garkata na bakin tabkin nan, da ita na aurar da ɗiya ukku. Tsuntsayen ba su taɓa tsare mini komai ba, balbela ma in ana kaftu bin ma'aikata take tana tsince tsutsa, ina so. Tsorona daban ne. Alhaji, wannan Ramsar da kake faɗi, ba wata rana za a zo a ce an killace wurin don tsuntsu, mu masu noman rani mu tashi ba? Mun ji yadda ake yi da mutanen da ke zaune kusa da manyan gandaye.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Hajiya, kwantar da hankalinki. Shiga jerin Ramsar ba killacewa ba ce irin ta W, inda ba noma ba kiwo. Abin da ƙasa ta yi alkawari shi ne a ci moriyar ruwan da hankali yadda ba zai mutu ba: a yi su, a yi noman rani, a shayar da dabbobi. Farauta ce take da doka tata, ta 1998, wadda ta ce sai da takardar izini kuma cikin lokacinta, wasu namun kuma ba a taɓa su sam.

Makiyayi Daga Abalak:
To tunda an zo maganar cin moriya da hankali, Inna Hajiya ki yi mini haƙuri. Kowace shekara in ruwa ya ja, garake na bin sa, shingen ƙaya na bin garake. Bana sai da na zagaya da shanu tafiya mai nisa kafin in sami mashaya, burtalin da na gada wajen mahaifina an toshe shi. Kuma ƙayar shingen daga ina? Bagaruwar bakin ruwa ake sassarewa, wadda tsuntsayen Mushe ke kwana bisanta, awakinmu kuma ke cin ƴaƴanta. Mu da balbela ba mu taɓa faɗa ba. Da mutane muke yi.

Hajiya Mai Albasa:
Ɗana, ban musa ba. Muna sara, ni ma na sa an sara. Amma in ban yi shinge ba dare ɗaya shanu za su shafe mini aikin wata huɗu, da kuɗin iri da na man injin ban ruwa da na ci bashi. A fitar da mashaya a kafa mata alama kowa ya sani, ni ce ta farko da za ta ja shingenta baya.

Ɗan Masunta:
Mushe, dattijon da ka gani gindin bagaruwa, in mai hwarin rawani ne da tabo a hannun hagu, babana ne. Na karanta mishi abin da ka rubuta, ya yi ta murna. Ya ce in gaishe ka, in kuma hwaɗa ma jama'a wanga.

Ya ce tsuntsu na cin kihi, ba ƙarya ba ne. Kwasakwasa guda in ta sauka tana kwashe abin da zai ciyar da gida. Amma tun yana yaro tsuntsu ke cin nashi masunci na kama nashi, ba wanda ya kwana da yunwa. Giwan ruwa da tarwaɗa da karhwasa ba tsuntsu ya rage su ba. Abu biyu ne. Na hwarko sange. Gidan sabron da aka raba don yara, wasu sun mai da shi koma, suna tace ruwa da shi har ɗiyan kihin da ba su kai ɗan yatsa ba. Na biyu rairayi. Inda gora ke nutsewa a da, yanzu yaro na ratsawa ruwa iya gwiwa.

Kuma ya ce su masunta da tsuntsu suke karanta ruwa. Inda ka ga zalɓe sun jeru, wurin ba zurhi kuma ƙananan kihi na nan. Inda cinawuya ta dage tana hwaɗawa, ruwan ya kwanta ya yi garau. Gauraka kuwa, ya ce da can kukanta ke tashe su da asuba, yau ya manta rabon da ya ji ta.

Wani abu kuma. Shekarun baya wata ƴar agwagwa ta sarƙe cikin kallinshi ta mutu, ya tarar da zoben ƙarhe a ƙahwarta da lambobi da rubutun boko. Har yau yana cikin gwangwanin alluranshi. Mi ake yi da shi?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Kai, ɗana, wannan babban abu ne! Masana ke sa wa tsuntsu zoben, lambar ta tsuntsu ɗaya ce tak a duniya, rubutun kuma sunan cibiyar da ta sa shi ne. In aka aika musu lambar da wurin da aka same shi da shekarar, su duba littafinsu su faɗi inda aka ɗaura shi da ranar. Da irin haka aka gano hanyoyin da nake ba ku labari. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Kada Baba ya ji tsoro, ba laifi ya yi ba.

Gauraka kuma, maganar Baba gaskiya ce, ta ragu a duk yankin Sahel. Fadamun da take sheƙa sun bushe ko an nome su, ga masu kama ta da rai suna sayar wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida don ado.

Manomin Gero:
Na ji, na kuma yarda ba kowane tsuntsu ne janbaki ba. Amma Alhaji, tun 2005 zuwa yau shekara nawa? Takardar Ramsar ta kwashe ko kwando guda na rairayi? Mu dai abin da muka gani, masu hwararen motoci su zo, su tara mu a rana, su yi rubuce-rubuce, su ɗauki hoto, su tahi. Sau biyu ina barin aikina ina zuwa irin wanga taro. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ba ta kwashe ba, kuma ba za ta kwashe ba, takarda ba ta da hannu. Ko an kawo injin yashe tabki ma, in ba a taɓa tushen ba, damana uku ya sake cikewa. Rairayin nan daga bisa dabagi yake fitowa. An sare itace, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya samun inda zai tsaya ya nutse, sai ya gangaro da ƙarfi, ƙoramu su ɗebo ƙasar gonaki su juye cikin tabki. Tabki in ya rasa zurfi sai ya baje, rana da iska su shanye shi da wuri. Ka ga ƙasar da ta bar gonarka ita ce ta hana Baba masunci kifi, ita ta ja ruwa nesa da burtalin makiyayi.

Maganin kuma ba baƙo ba ne a Adar. Aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, wa ya yi shi? Matanmu ne suka ɗauki duwatsu a ka, aka jera su a gangare, aka yi gandari, aka tare ƙoramu, aka dasa itace inda ko ciyawa ba ta fita. Tassa da rabin wata kuwa, wato ramukan da ake ginawa a fako don su tare ruwan sama, manoman Illela da Badagishiri sun fi ni sanin su. Abin da ya kamata a yi a dabagin da ke zuba cikin Tabalak ke nan, kuma aiki ne na shekaru.

Manomin Gero:
Tassa ina yi, hwakon da na gada na mai da shi gona da ita. In don wanga ne a kira ni, zan zo da hauyata. Amma a bar ce mini don tsuntsu za ni yi.

Mushe Ɗan Adar:
Yaya, ka yi don gonarka, ya wadatar. Ni dai abin da na gani ranar Asabar shi ne, da na ce wa yaran "zaizayar ƙasa" a aji wata uku da suka wuce, rubutawa kawai suka yi. Da suka tsaya bisa rairayin da jirgi ke ɗaure a da, suna hangen kirinjijiya can nesa, su da kansu suka fara tambayar ina ƙasar nan ta fito. Tsuntsun ne ya kai su bakin ruwan.

Yayarku Ta Yamai:
Mushe, ka tuna mini gida. Nan Yamai da can mai son ganin namun daji W yake zuwa ko Kure wajen raƙuman dawa, amma tun harin da aka kai Kure a watan Agusta 2020, ga kuma halin da yankin W ke ciki, mutane sun ja jiki. Ni yanzu bakin kogin Isa nake kai yarana da sassafe, wajen gonakin shinkafa. Ko bisa gadar Kennedy ka tsaya da magariba za ka ga balbela jere-jere suna komawa makwanci. Ƙaramin ɗana akwai wanda ya fi so, mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganyen bado kamar bisa tabarma. Roƙona ɗaya, Mushe: ku riƙa sanar da hukumar garin da iyayen yara kafin ku tashi, ku tambayi lafiyar hanya, ku kuma dawo da rana tsaka.

Ɗaliba A Jami'a:
Mushe, tambaya gare ni. Baƙin tsuntsayen nan ba su ke kawo murar tsuntsaye ba? Kakata ta sha ba mu labarin kajin da aka yi asara.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Ƙanwata, tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar, haka ne, cinikin kaji daga kasuwa zuwa kasuwa ma na yaɗa ta. A ƙasar nan an fara tabbatar da ita a Magarya a watan Fabrairu 2006. Kallo daga nesa ba ya sa wa mutum komai. Dokar ita ce yaro kada ya taɓa mushen tsuntsu ko mai layi, in kuma an ga sun mutu da yawa a wuri ɗaya a sanar da likitan dabbobi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai tsargiya ce. Ƙwayarta cikin ƙananan dodon koɗi take girma a ruwa kwantacce, ta huda fata ta shiga, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Mushe, da fatan ba su shiga ruwan ba.

Mushe Ɗan Adar:
Biyu sun tsoma ƙafa kafin in ankara, Malama. Zan gaya wa iyayensu yau, kuma tafiya ta gaba da takalmi rufaffe kowa zai zo.

Baba na gandun daji, yaran sun yi ta gardamar yawan kirinjijiya, wani ya ce ɗari biyar, wani dubu uku. Yaya ake ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:
Ba ɗaya-ɗaya ake yi ba. Ka ƙirga goma daga gefen garke, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sai ka riƙa auna sauran da shi: goma, ashirin, talatin. In garken babba ne ka yi da hamsin ko ɗari. Mutum biyu su yi daban-daban ba tare da sun ji na juna ba, sannan a gwada. Rana ta kasance bayanku, a zauna ƙasa, ba farar riga, ba nuni da hannu sama. Haka ake yi a ƙidayar tsakiyar Janairu da ƙasashe da yawa ke yi lokaci guda tun 1967, wadda ƙungiyar Wetlands International ke tattara sakamakonta. Ku sayi littafin rubutu guda ya zama na tabkin: kwanan wata, inda bakin ruwa ya tsaya in an auna da taki daga wata bagaruwa da kuka zaɓa, sunan tsuntsu da Hausa, da yawansa. Ajin bana ya miƙa wa na baɗi.

Mushe Ɗan Adar:
Za a yi haka in sha Allah. 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, Asabar mafi kusa da ita za mu koma, kafin baƙin su fara juyawa. Mai madubin hangen nesa da ke ajiye a gida ya taimaka mana da aro. Ɗan Masunta, ka roƙar mana Baba ya ba mu safiyarsa, shi zai yi darasin, mu da yara mu rubuta.

Hajiya Mai Albasa:
Ku biyo ta garkata, akwai inuwa da randa. Furar yaran a kaina.

Makiyayi Daga Abalak:
In ina kusa zan kawo nonon da za a dama ta. Sai mu taka tare da ke, Inna, in nuna miki inda burtalin yake.

Mushe Ɗan Adar:
Saura abu guda. Akwai wani da muka gani yana taka ruwa a hankali, baya baƙi, ciki fari, baki siriri kamar allura, ƙafafu jajaye dogaye har sun yi masa yawa. Baba masunci ya riga ya koma kan kallinsa lokacin, ban samu na tambaye shi ba. Wa ya san sunansa da Hausa?

Ɗan Masunta:
Na san shi, kullum yana nan wajen laka ta gabas, amma sunan ya kwanta mini. Baba ya hita duba mamari, in ya dawo da magariba zan tambaye shi. Ya ce kuma ku zo da wuri hiye da wancan karon, don dinya rana na ɗagawa take barin gaɓa.